Barin sigari bayan an daɗe ana sha: taƙaitattun shawarwari

Masu ba da shawara sun haɗu a kan abu ɗaya: a tsayar da rana cikin mako 2, a zubar da kwali, ashana da tokar da ta rage. Kwana 3 na farko sun fi tsanani, ga fushi, ciwon kai da rashin barci, amma yawanci abin yana lafawa cikin mako 2 zuwa 4. Kwaɗayin kan zo ya wuce cikin 'yan mintuna, sai a sha ruwa ko a tashi a taka.

Wanda ke shan fiye da kara 10 a rana yakan fara da filastar nikotin (sinadarin da ke sa a kamu da taba) da ake mannawa a fata, mai miligiram 21 na mako 6, ya sauka zuwa 14, sannan 7. Cingam ɗin nikotin kuwa, kuskuren da ake yi shi ne tauna shi da sauri, ya jawo shaƙuwa da tashin zuciya. A tauna kaɗan, a ajiye shi a kumatu.

A rage kofi da goro, domin bayan barin taba sinadarin kafeyin da ke cikinsu ya fi daɗewa a jiki. An fi yin gargaɗi a kan "kara ɗaya kawai" a majalisa, da komawa shan shisha, wadda ita ma akwai nikotin a cikinta. Mai ciki ko mai ciwon zuciya ya fara ganin likita.