Jirgin Aeroflot 1492: aradu ce ta jawo, ko hannun matuƙi?

Malam Habu: Jama'a, ɗaurin shekara 6 da kotun Rasha ta yanke wa kyaftin Denis Evdokimov a 2023 bai kwanta mini ba. Ranar 5 ga Mayu 2019 jirgin Superjet 100 ya tashi daga filin Sheremetyevo na Mosko zai tafi Murmansk, aradu ta faɗa masa, rediyo ya rikice, kwamfutar tuƙi ta janye taimakonta. Ya juyo, ya kama wuta wajen sauka, mutum 41 cikin 78 suka rasu. Ina laifin matuƙi a nan?

Injiniya Rabi: Allah Ya ba ka haƙuri, Malam. Aradu na faɗa wa jiragen fasinja, su sauka lafiya lau. Wannan ma injinansa biyu na aiki har ya taɓa ƙasa. Abin da ya canja shi ne ya koma tuƙin kai-tsaye: yadda ka motsa sanda haka jirgi zai bi, babu kwamfutar da za ta tausasa hannunka.

Kyaftin Isa: A saukar abin ya lalace. Tun suna gangarowa na'ura ta yi ta gargaɗin juyin iska, tana cewa a fasa sauka, ba a fasa ba. Taɓawar farko nauyin bugu ya kai 2.55g, wato ninki 2.55 na nauyin jirgin, jirgin ya yi tsalle. A wannan yanayin allunan kan fiffike da ke danne jirgi a ƙasa ba sa miƙewa da kansu, sai an ja su da hannu, kuma ba a ja ba. Sai aka tura sanda gaba, tayar hanci ta riga sauka, 5.85g, ya sake tashi kamar mita 5 zuwa 6. Ƙa'ida ita ce in jirgi ya yi babban tsalle, kada ka danna hanci, ka ba injin wuta ka sake zagayowa. Shi kuwa matuƙin ya riga ya ja birkin injin, wanda ke juya ƙarfin injin don tsayar da jirgi, da ya nemi wutar tashi ba ta zo ba.

Malam Habu: Na ji, Kyaftin. To wutar fa? Ƙafar jirgi an yi ta ne ta ɓalle ba tare da ta fasa tankin mai ba.

Injiniya Rabi: Nan kam kana da magana. Ƙusoshin da aka sa don su karye sun karye a bugu na biyu. A na uku ƙafar da ta riga ta saki ta huda fiffike, mai ya kwarara. Ga shi jirgin ya haura nauyin da aka yarda ya sauka da shi da kilo 1,600, kuma Superjet ba ya iya zubar da mai a sama.

Malam Habu: Ke nan a tambayi masu ƙera shi, a kuma tambayi sau nawa aka sa matuƙan nan atisayen saukar kai-tsaye kafin ranar.

Kyaftin Isa: A tambaya, ban hana ba. Amma gargaɗin juyin iskar nan a kunnensu ya yi.