Autanmu bai yi kuka ranar jana'iza ba, sai ga shi yana kuka a kan gem. In karɓe wayar?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda zai amsa ya daure ya karanta har ƙarshe.

Ina da ɗan shagon cajin waya da tura fina-finai a wani ƙauye kusa da Ringim. Mu uku ne maza a ɗakinmu. Babban wanmu ya rasu a daminar da ta wuce. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, kafin a samu motar kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Autanmu shekararsa 14, kuma duk gidan ba wanda ya shaƙu da marigayi kamarsa. Shi ya koya masa keke, shi ke goya shi a babur zuwa gona, katifa ɗaya suke kwana a ɗakin samari.

Ranar jana'iza yaron nan ko ƙwalla bai yi ba. Ya bi makara har maƙabarta, ya tsaya yana kallo ana jera itace ana mayar da ƙasa. Kwana ukun zaman makoki shi ke ɗauko tabarmi, shi ke kai wa baƙi ruwa. Kowa na yaba masa, ana cewa yaro da tawakkalin manya. Amma daga nan ya daina zuwa filin bal, magana ma sai an tambaye shi.

Makon jiya wani ya turo min gem ta Xender, sunansa Brothers: A Tale of Two Sons. Ban buga ba, na dai ga 'yan yara biyu a hoton, na sa masa a tsohuwar wayata don ya ɗebe kewa. Daren Talata bayan isha'i na je bayan rumbu, sai na tarar da shi a tsugune, wayar na ƙasa tana haske, ya cusa bakin rigarsa a baki don kada a ji, kafaɗunsa na rawa. Da na taɓa shi sai kukan ya ƙwace masa. Baba ya fito da tocila, ya ji dalili, ya ce, "Ɗan uwanka na jini ya mutu idonka a bushe, yau zanen kwamfuta ne zai sa ka kuka?" Ya ce in karɓe wayar in goge abin. Inna ba ta ce uffan ba, amma na ji tana jan hanci a ɗaki.

Na karɓa, ban goge ba. Da safe yaron ya same ni ina buɗe shago ya ce, "Yaya, don Allah kar ka goge." Abin da ya faɗa ke nan ya wuce. Ba na son saɓa wa Baba, kuma zuciyata ta ƙi yarda in goge. Shin cutar da shi na yi da na ba shi? Yaya zan yi?

Amsar wani mai gidan gem a Bichi:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanku, ya sa ya huta. Ɗan uwa, da na ga sunan gem ɗin jikina ya yi sanyi, don na san inda yaron ya kai. Bari in faɗa maka abin da ke ciki, tunda ba ka buga ba.

Gem ɗin ya fito a 2013, wanda ya tsara shi Josef Fares, haifaffen Labanan ne da iyayensa suka gudu da shi Suwidin saboda yaƙin basasa. Labarin wa da ƙane ne. Uwarsu ta nutse a ruwa a gaban idon ƙaramin, shi ya sa yake tsoron ruwa. Ubansu ya kwanta ciwo, suka tafi neman ruwan wata bishiya da zai warkar da shi. Mai bugawa shi ke tafiyar da su biyun lokaci ɗaya: babban yatsan hagu na wan, na dama na ƙanen. Duk inda za a haye ruwa, sai ƙaramin ya riƙe bayan wansa, shi kuma ya yi iyo da shi. Ba a magana da wani harshe da aka sani a ciki, don haka ko yaron da bai jin Turanci zai gane komai.

Daf da ƙarshe aka yi wa wan mummunan rauni. Ƙanen ya hau bishiyar ya ɗebo ruwan, kafin ya sauko wan ya cika. To a nan ba a nuna maka binnewa kana kallo, kai za ka ja gawar zuwa ramin, kai za ka tura ƙasa. Daga nan hannunka na hagu ba shi da aiki. A hanyar gida ƙanen ya iso bakin ruwa shi kaɗai, ka danna nasa ya ƙi shiga. Sai ka koma ka danna ɓangaren wan da ya mutu, a nan ne yaron zai faɗa ruwan ya haye.

Ka duba wannan, ka tuna wanda ka ba wa. Mutane sun ɗauka gem bal ne da dambe kawai. Ko San Andreas na 2004 da yara ke yi don satar mota, farkonsa jarumin gem ɗin, CJ, ya dawo gida ne saboda an kashe mahaifiyarsa, kuma na sha ganin samari sun yi tsit a shagona ranar da suka gane abokin CJ, Big Smoke, ne ya ci amanarsu. Fim kallo kake yi. Gem da hannunka ake aikata abin, shi ya sa yake shiga jiki. Kada ka goge.

Amsar wani magidanci daga Gezawa:

Allah ya gafarta masa. Ni gaskiya ina bayan mahaifinku. Uba ya ba da umarni a gidansa, ba sai an kawo shi gaban jama'a ana auna shi ba. Yaron da ke cikin jimami Alƙur'ani ya kamata a riƙa masa, a sa shi yi wa ɗan uwansa addu'a. Waɗannan wasannin waɗanda suka yi su ba addininmu ɗaya ba, ba al'adarmu ɗaya ba. Na taɓa leƙa wayar ɗana na ga wani God of War, daga farko har ƙarshe zancen alloli ne da jini. Yau kuka ne, gobe ba ka san me zai shigar masa ka ba. Ka goge, ka huta.

Amsar wani malamin Islamiyya daga Birnin Kudu:

Alhaji na Gezawa ya faɗi gaskiya a kan haƙƙin uba, kuma na yarda akwai wasannin da bai dace a bar wa yaro ba, wanda ya ambata yana cikinsu. Amma akwai gyara a wuri guda. Rashin kuka ba shi ne tawakkali ba. Ya zo a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim ke gargarar mutuwa, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya gaya masa cewa wannan rahama ce: ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi.

Ƙanena, kada ka tsaya musu da Baba, kuma kada ka yi masa ƙaryar ka goge. Shi ma ɗa ya rasa, wataƙila ciwon da ke cinsa ne ya fito a waccan maganar. Ka samu kawunku ko limamin garinku, wanda Baba ke jin nauyinsa, ka warware masa labarin gem ɗin kamar yadda mai shagon Bichi ya bayyana, shi ya je ya same shi. Wayar ta zauna a hannunka kafin nan.

Amsar wata uwa daga Kazaure:

Ɗana, ni ban san gem ba, ko riƙe shi ban iya ba. Amma na san wannan kukan.

Da maigidana ya rasu ban yi kuka ba. Mata na shigowa suna rungume ni suna kuka, ni ce ke ba su haƙuri. Har na gama takaba, wata huɗu da kwana goma, idona ƙamas. Na san akwai masu cewa a bayan idona dama ba na son sa. Sai wata rana ina kakkaɓe ƙarƙashin gado, tsintsiya ta jawo wata tsohuwar hularsa, duk ƙura, gefenta ya yi baƙi da gumin goshinsa. Na ɗauka zan kaɗe, sai na ji ƙamshin man da yake shafawa. Wallahi a nan na zube. Tun hantsi nake kuka har aka kira azahar, sai da maƙwabta suka shigo. Da wani zai leƙo ya ce wannan mata miji ya mutu ba ta yi kuka ba sai a kan hula, ai ka ga bai fahimta ba.

Kukan kurciya jawabi ne. Yaron nan ba zane yake yi wa kuka ba. An yaba masa tun ranar farko cewa jarumi ne, to ta yaya zai karya wannan yabon a gaban mutane? Ya haɗiye, ya yi ta haɗiyewa. Ranar da aka binne wansa yana tsaye manya suka yi komai, ba wanda ya ce masa zo ka sa hannu. A wayar nan ne aka bar shi ya binne da kansa.

Abin da nake so ka yi, ka bar zancen waya tukuna. Ka kai shi wurin Innarku, ku zauna ku uku, ku kira sunan marigayi, ku yi hirarsa. Na tabbata tun da aka share makoki ba a ƙara ambatonsa a gabansa ba, kowa na gudun tayar wa ɗan uwansa da miki. Kai ma da kake tambayar nan, ka yi naka kukan kuwa?

Amsar wani ɗalibi daga Gumel:

Allah ya ba ku haƙuri. Ni shekarata 22, kuma na yi hawaye a gem ɗin Red Dead Redemption 2 a gidan abokina a Kano. Jarumin gem ɗin, Arthur Morgan, tarin tibi na cinsa, a gudun ƙarshe aka harbe dokinsa, ana bin su da bindiga amma ya tsaya ya durƙusa ya yi wa dokin godiya. Nan take na tuna ranar da aka ja dokin kakana zuwa kasuwar Maigatari bayan rasuwarsa, ina ƙarami ina riƙe da ragamar na ƙi saki. Abokina bai yi min dariya ba, ya dai tashi ya ba ni wuri. Ku ma kada ku bari yaran unguwa su ji su mayar da shi abin tsokana.

Amsar wata ma'aikaciyar lafiya daga Rano:

Kukan bai dame ni ba, shirun watannin nan ne ya fi damuna. Ka lura da cin abincinsa da barcinsa da zuwansa makaranta. Idan ya rame, ko yana firgita da dare, ko ka ji yana cewa da ma shi ne ya mutu, ko yana ɗora wa kansa laifin rasuwar, kada ku tsaya jira, ku kai shi babban asibiti ku yi wa likita bayani. Game da tsoron jarabar gem, gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtuka a 2019, amma ana nufin wanda wasa ya fi ƙarfinsa, ya ture masa karatu da sauran al'amuransa, ya kuma kasa bari, galibi har tsawon wata 12. Wannan gem na awa uku ne zuwa huɗu, yana da ƙarshe. Idan an mayar masa, a sa masa lokaci, ban da tsakar dare, kuma kada ya buga shi kaɗai.

Mai tambaya ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya ta Kazaure, tambayarki ta hana ni barci. Ban yi ba. Ni na yi ta zirga-zirgar likkafani da masu haƙa, ban samu zama ba, daga baya kuma na ga kamar lokacin ya wuce.

Na bi shawarar Malam, na samu kawunmu ƙanen Inna. Jiya bayan la'asar ya zauna da Baba a zaure, ni ina daga waje. Da ya kai wurin da ƙanen ke tura ƙasa a kan wansa, Baba bai ce komai ba, ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce a kira masa Auta. Ya tambaye shi, "Kana son zuwa wurin yayanka?" Yaron ya gyaɗa kai.

Yau da asuba muka tafi mu uku. Ruwan bara ya zaftare gefen kabarin, ciyawa ta rufe shi. Baba ya miƙa wa Auta fartanya ya ce shi zai gyara. Ya nome, ya tara ƙasa da hannunsa yana daddannawa, yana kuka a fili, ba wanda ya ce ya yi shiru. Ni ma a nan nawa ya zo. Baba ya juya mana baya yana addu'a, muryarsa na sarƙewa.

Zancen waya Baba bai ce a mayar ba, bai kuma sake cewa a goge ba, don haka tana cikin durowar shago. A hanyar dawowa Auta ya ce min bai ƙarasa ba, ya tsaya ne a bakin ruwa, ya yi ta dannawa yaron ya ƙi shiga. Ban gaya masa abin da mai shagon Bichi ya ce ba. Na ce idan Baba ya yarda za mu zauna tare a shago, ya riƙe dama, ni in riƙe masa hagu.