Wa ya taɓa taka hamadar da itace ya koma dutse?

Baban Ummi (Agege): Assalamu alaikum. In sha Allahu a Disamba zan je Alƙahira, kuma zan ɗan samu sarari. Ance akwai hamadar da bishiyoyi suka koma dutse. Wa ya taɓa zuwa?

Alhaji na Mile 12: Wa alaikumus salam. Akwai, kuma ba nisa, tana gabas da unguwar Ma'adi, gefen Sabuwar Alƙahira. Gwamnatin Masar ta killace wurin tun 1989. Gungumen sun kai kusan shekara miliyan 35. Fili ne fetal na yashi da tsakuwa, babu inuwa ko ta tsayuwa, don haka ka yi sammako. Disamba kuwa lokaci ne mai kyau.

Maman Khalifa (Idi-Araba): Yaya, ni ta Amurka na gani, a jihar Arizona kusa da garin Holbrook. Hanyar ƙafa ta wurin da ake kira Blue Mesa ba ta wuce kilomita 1.6 ba, amma gangara ce cikin tuddan yumɓu masu ratsin toka da shuɗi, ruwa ya zaizaye su. Gungume na kwance a kakkarye, sai ka ƙwanƙwasa ka ji dutse ne. Ambaliya ce ta binne su sama da shekara miliyan 200 da suka wuce, ruwa mai ɗauke da sinadarin silika daga tokar aman wuta ya riƙa ratsa itacen har ya maye gurbinsa. Jan launin da kake gani a jikin gungumen ƙarfe ne ya kawo shi. Tsarki ya tabbata ga Allah, na daɗe tsaye a kan guda ɗaya.

Malam na Obalende: Mu Nijar ma muna da su wajen dutsen Tigidit, kudu da Agadas. Sai dai yanzu ba na ba kowa shawarar bin hanyar ba tare da ɗan gari ba.

Maman Khalifa: Abin da ya fi damuna ruwa ne. A Legas gumi ke tuna maka ƙishi. Can iska busasshiya ce, gumin na bushewa tun kafin ka gan shi. Ka riƙa kurɓa ko ba ka ji ƙishi ba. Takalmi rufaffe, ban da silifa.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai. Ana iya tsinto ƙarami a kawo wa yara tsaraba?

Alhaji na Mile 12: A'a, don Allah kar ka fara. Doka ta hana, kuma tsince-tsince da kwasar yashi sun riga sun ci wurin sosai. Ɗauko musu hoto, ka sa hannunka kusa da gungumen su ga girmansa.