Fentin rufin kankare ya fara ɓarewa bayan shekara uku: a sake shafawa ko a kankare tsohon?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sanin aikin rufi. Rufin kankare ne shimfiɗaɗɗe, mita 10 da mita 12, a wuri mai tsananin rana da ƙura, ruwan sama kaɗan ne amma in ya zo da ƙarfi yake zuwa. An shafa masa farin fenti mai roba shekara uku da suka wuce. Yanzu ya yi bororo a wasu wurare, yana ɓarewa kusa da indararo, kuma in an shafa hannu sai farin gari ya biyo. Za a iya ɗora sabo a kai? Lita nawa zai ci?

Magini:
Wa alaikumus salam, Malam. Farin garin nan ba abin tsoro ba ne, rana ce ke cin saman fentin, haka akirilik, wato irin fenti mai roba da aka fi shafa wa rufi, yake tsufa. Bororon da ɓarewar su ne abin dubawa, domin suna nuna an shafa a kan ƙura ko a kan danshi.

Kafin a sayi ko bokiti ɗaya, a hau da guduma ƙarama a bi rufin ana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙarar rami, siminti ya rabu da na ƙasa, sai an fasa an sake. A yanke kowane bororo da wuƙa a duba cikinsa. In akwai jiƙa, ruwa na cikin kankaren. Gwajin danshi mai sauƙi ne: a manna leda mai faɗin kamar rabin mita da salatif ta kowane gefe, a bar ta ta kwana. In da safe an ga gumi a ƙarƙashinta, kada a shafa komai tukuna. Rana za ta mayar da wannan danshin tururi, shi kuma ya ɗaga sabon fentin kamar yadda ya ɗaga tsohon.

Ba sai an kankare duka ba. Abin da ya saki a cire shi da sikirafa, abin da ya kama da kyau a bar shi. Sannan a wanke da ruwa da omo da burushi mai tauri, a ɗauraye sosai, a bar shi ya bushe kwana ɗaya ko biyu. In hannu bai fito fes ba bayan an shafa, wankin bai yi ba.

Tsagewa kuwa, dalilinta zafin rana da sanyin dare ne. Rufi mai duhu yakan haura digiri 70 da tsakar rana, da dare ya huce, kankaren yana buɗewa yana tsukewa kullum. Shi ya sa cike tsaga da siminti zalla ba ya ɗorewa. A buɗe bakinta kaɗan, a hure ƙurar, a cika da abin toshewa na foliyuretan mai laushi. Bayan ya kama, a shafa fenti, a shimfiɗa ƙyallen foliyesta mai faɗin santimita 15 a kai tun yana ɗanye, a danne kada ya yi iska, a sake shafawa.

Mai Fenti:
Duk abin da Magini ya faɗa haka ne. Bari in taɓo lissafi, don a nan aka fi cutar masu gida. Akirilik kusan rabinsa ruwa ne. Lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya tana ba da kaurin milimita ɗaya yana ɗanye, in ya bushe ya koma kamar rabin milimita, wanda shi ne ake so. Rufinka murabba'in mita 120 ne, a ƙara kamar 9 na hawa jikin rawanin gini (ɗan bangon da ke gefen rufin) da santimita 20 a kewaye, ya zama wajen lita 130. Bokiti bakwai ke nan masu lita 20. In wani ya ce bokiti uku sun isa, ruwa zai tsinka shi da shi, kuma abin da zai bari a rufin farar ƙasa ce kawai, shekara biyu ba za ta kai ba. A duba abin da kamfanin ya rubuta a jikin bokitin, a bi shi.

A raba shafi biyu, na biyu ya gitta na farko, tsakaninsu a bar kwana ɗaya. Inda aka kankare har siminti ya fito, a fara sa masa shafin farko mai kama ƙasa. Lokacin aiki daga wayewar gari zuwa hantsi. In tafin hannu ba zai iya zama a kan rufin ba, a dakata: saman fentin zai bushe nan take ya kulle ruwan ciki, ƙananan ramuka su fito. Ranar da ake iska mai ƙura ma a haƙura.

Injiniya:
Ɓarewa kusa da indararo ita ta fi ja mini hankali. Alama ce ta ruwa na kwanciya a wurin. Akirilik ba ya jure zama cikin ruwa, laushi yake yi ya saki. Ƙa'ida ita ce rufin ya gangara kamar santimita 2 a kowace mita, kuma ruwan da ya wuce awa 48 bai tafi ba matsala ne. A zuba ruwa da tiyo a ga inda ya tsaya, a zagaye da alli, a cike lotsawar da siminti mai gyaran gangara. Sau da yawa bakin indararon ne ya fi rufin tudu, ko yashi da leda sun toshe shi. A kusurwar da rufi ya haɗu da rawani a yi ɗan gangare na siminti kamar santimita 5, a sa ƙyalle, don fenti ba ya riƙe kusurwa mai kaifi.

Fentin silikon, wanda wani iri ne daban, yana jure kwanciyar ruwa da rana fiye da akirilik, amma ba na saurin ba da shawararsa. Yana kama ƙura har farinsa ya dushe, yana santsi in ya jiƙe, kuma da zarar an sa shi, ba abin da zai kama a kansa sai silikon. Don haka, Malam, ka tabbatar da irin wanda ke rufinka yanzu. A shafa sabon a ɗan wuri, a lulluɓe ƙyalle a ciki a bar jelarsa waje, bayan kwana bakwai a ja. In ya ɓare salin alin, ba su dace ba.

A kuma duba abubuwan da aka ɗora: ƙafafun sola, ƙusoshin dish, tankin da ke ambaliya, ruwan da na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigarwa wuri ɗaya kullum. A ja musu bututu zuwa indararo.

Magini:
Ƙarin abu ɗaya: duk simintin da aka zuba sabo a bar shi kwana 28 kafin fenti ya hau. Bayan an gama, a share rufin a buɗe indararo kafin lokacin ruwa da bayan kowace babbar guguwa. In an yi kaurin daidai, sai bayan shekara biyar zuwa bakwai za a wanke a ƙara shafi ɗaya.