Mutum-da-mutum ko tsaron yanki? Ranar Asabar muke da wasa

Kocin Matasa: Salamu alaikum. Fulag futbol ne (ƙwallon Amurka da ake zare ƙyalle daga ƙugun mai ƙwallo maimakon a kayar da shi) na mutum biyar-biyar, da dokokin IFAF, hukumar wasan ta duniya. Masu tsarona biyu ne kawai ke da gudu, sauran sai a hankali. Waɗanda za mu kara da su suna tara masu kama ƙwallo uku a gefe ɗaya, sannan su yi ta giciye. Mutum-da-mutum zan sa, ko yanki?

Mai Usur: Wa alaikumus salam, Koci. Fara da lissafi. Mutum huɗu ne za su fita kama ƙwallo, har da santa, mai miƙa wa mai jifa ƙwallo a fara wasa. In ka tura ɗaya ya kori mai jifa, saura huɗu a kan huɗu, ba kowa a baya. Ɗaya ya zame, an ci ka. Giciyen nan kuwa don mutum-da-mutum aka ƙirƙire shi, yaranka su riƙa karo da juna. Yi akwati: biyu a gaba, yadi biyar daga layi, masu gudunka biyu a baya wajen yadi goma zuwa sha biyu, kowa da rabin fili. Faɗin yadi 25 ne kacal, za su iya.

Ɗan Baya: Mutum-da-mutum kawai, shi ne tsaron maza.

Kocin Matasa: Ɗan'uwa, ai na ce biyu ne kawai ke da gudu.

Anti Koci: Akwati yana da rami a tsakiya, Malam. Santa ya miƙa ƙwallo, ya yi yadi shida ya juyo, ba mai shi. Haka za su yi ta tsinkarka har su haye tsakiyar fili. Sai dai mai kora ya tashi daga yadi bakwai ɗinsa ta tsakiya, hannu sama, ya toshe wannan hanyar. Kuma a yadi biyar na ƙarshe, inda aka hana gudu da ƙwallo, koma mutum-da-mutum, don babu bayan da za a tsare.

Ɗan Baya: Waɗanda ba su taɓa tsayawa a baya ba ne ke koya mana tsaro?

Mai Usur: Yi hattara. Matan Najeriya ma sun ɗauko kofin Afirka a Alƙahira a 2025, kamar mazan. Maganarta daidai ce.

Baban Yara: Duk wannan tsari banza ne in bel ɗin da ake maƙala ƙyalle ya lalace. Abin takaici, yaro ya karanta wasa, ya iso a kan lokaci, ya damƙi ƙyalle, ya ja, ƙyalle ya ƙi fita saboda an naɗe shi a bel ko riga ta rufe shi. Mai ƙwallo ya wuce, alƙali yana kallo. Yaron nan gobe ba zai ƙara yarda da yankinsa ba.

Na Gefen Fili: Mu namu tsarin addu'a ne, daƙiƙa bakwai da doka ta ba mai jifa ta cika bai jefa ba!

Anti Koci: Bel ai ba tsada. Tela zai ɗinka maka biyar da kuɗin na waje guda.

Baban Yara: Ina! Hajiya, mai mannewa in ya sha ƙura sati kaɗan yake saki, ƙyalle ya riƙa faɗuwa da kansa. Ka sake ɗinki sau uku, ka wuce kuɗin mai soket, wanda ake cusa kan ƙyalle a ciki.

Mai Usur: Laifin na alƙalai ne. Kafin a fara a jera yara, riga a cikin wando, ƙyalle ɗaya a kowane kwankwaso. Wanda ya kare ƙyallensa da hannu a busa masa nan take.

Kocin Matasa: To in sun tara ukun a dama, na gaban hagu ya matso tsakiya ko ya tsaya?

Baban Yara: Wa zai busa, alhali alƙali ɗaya ake kawowa filin gaba ɗaya?