Kafin ka sa wa tsohuwar bindigar soja zarto

A tattaunawa kan yi wa tsohuwar bindigar soja kwaskwarima, abin da aka fi nanatawa shi ne, kada ka yi gaggawar yanka. Ko Mosin-Nagant ta Rasha samfurin 1891 ce ko Lee-Enfield ta Birtaniya, in lambobin da aka buga a sassan jikinta duk sun zo ɗaya, ƙyale ta. Da ka datse ƙotar ko ka huda ƙarfen don ɗora madubin hange, darajarta ta zube ke nan. Gara ka nemi wadda wani ya riga ya taɓa.

An daɗe ana magana kan maiƙon ajiya, wanda ake shafa wa bindiga don hana tsatsa, da katakon ƙotar ya sha. Wasu suka ce a shanya shi a rana, yana tsattsafowa kana gogewa da tsumma. Samfefa kam a bi ta a hankali, hatimin masana'anta take cinyewa.

Tsofaffin harsasai kan bar gishiri a bututu, sai an wanke da ruwan zafi. Harbin farko kuwa, kada a yi shi sai gwanin gyaran bindiga ya duba ta.