Neman Shawara: An Yi Mini Tayin Fili a Cikin Fadama a Wajen Ikorodu

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma wani dillali ya yi mini tayin fili a wajen Ikorodu da arha ƙwarai. Wurin fadama ne, ko da rani ƙafa nutsewa take yi, amma ya ce 'yan tifofin yashi sun isa a cike shi, kamar yadda maƙwabta suka yi. Takardarsa kuwa rasit ne kawai na dangin masu ƙasar. Shin doka ta yarda a yi gini a irin wannan wuri, in ba da kafin alƙalami?

Wani mai aikin safiyo daga Agege:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka ba da ko sisi tukuna. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, saboda haka rasit ɗin dangi ba zai hana katafila shigowa ba idan wurin yana cikin filayen da gwamnati ta keɓe. Akwai kuma ƙa'idojin hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, na 2009 game da dausayi da gaɓar kogi da bakin tafki, waɗanda suka shardanta neman izini. Ka karɓi takardar safiyon filin ka kai ofishin safiyo na gwamnatin Legas da ke Alausa a duba maka taswira. Idan dillalin ya fara kame-kame, ka riga ka sami amsarka.

Wani dattijo ɗan Nguru:
Ɗana, fadama rumbun ruwa ce, duk wanda ya cike ta ya kora wa maƙwabcinsa ruwan ne. Mu can gida, bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyinsa, masunta da manoman shinkafa suka ɗanɗana kuɗarsu. Abin da ke ci mini rai a nan Legas shi ne manyan kamfanoni suna ta ciko a Lekki ido na ganin ido, alhali talaka ne ya fi jin zafin dokar.

Wata Hajiya daga Ketu:
Baba, ai a 2023 har manyan gidaje aka rushe a Ikota da ke yankin Lekki saboda sun tare magudanar ruwa. Alhaji, ka tambayi mutanen Ajegunle da ke hanyar Ikorodu abin da suka gani a 2010 da aka saki ruwan madatsar Oyan da ke jihar Ogun. Kafin ka yanke shawara, ka koma filin a watan Yuli bayan an tafka ruwa, ka duba shatin danshi a bangon maƙwabtan.